Tambayoyi da Amsoshi kan Jera Gwaje-gwajen Manhaja da Zaɓensu ta Hanyar Awon Sawu

Duk ƙungiyar masu rubuta manhaja da ta daɗe tana aiki takan wayi gari gwaje-gwajenta, wato ƙananan shirye-shiryen da ke duba ko manhajar tana aiki daidai, sun yi yawan da ba a iya jiran ƙarewarsu bayan kowane canji. Daga ranar ake fara tambayar wanne za a sa gaba, wanne kuma za a iya tsallakewa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawo a bakin waɗanda suka iso wannan gaɓa, an fara da na tushe kafin a shiga masu zurfi.

1. Mene ne awon sawu, kuma yaya ake samunsa?

Awon sawu, wanda masu sana'ar suka fi kira kobarej a magana, shi ne lissafin sassan kod, wato rubutattun umarnin manhaja, da kwamfuta ta bi ta kansu yayin da ake gudanar da gwaji. Kayan awon yana dasa ƙananan alamomi a cikin kod, ko dai lokacin harhaɗa shi ko lokacin da yake gudana, kuma duk alamar da aka wuce ta kanta sai ta rubuta cewa an taka wurin. Idan manhaja tana da layuka 1,000 masu aiki kuma gwaje-gwaje suka taka 780, sai a ce sawun ya kai kashi 78 cikin 100. Kusan kowane harshen shirya manhaja yana da nasa kayan: JaCoCo a Java, Coverage.py a Python, gcov ga masu C da C++ da ke amfani da GCC, Istanbul a JavaScript, shi kuwa harshen Go da nasa awon yake zuwa. Tunanin ya tsufa, domin tun 1963 Joan Miller da Clifford Maloney suka wallafa bayani a kansa.

Abin da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne sawu yana nuna inda gwaji ya taka, amma ba ya faɗin abin da gwajin ya duba da ya isa wurin. Yawancin amsoshin da ke gaba a kan wannan bambanci suka tsaya.

2. Sawu iri nawa ne, kuma wanne ya dace da aikin jerawa?

Mafi sauƙi shi ne sawun layi, wanda ke tambayar ko an gudanar da layin ko ba a gudanar ba. Sama da shi akwai sawun reshe: a duk inda kod ya rabu biyu bisa wani sharaɗi, ana so a ga an bi ɓangaren «i» an kuma bi ɓangaren «a'a». Sharaɗin da ba shi da ɓangare na biyu a rubuce zai iya ba da cikakken sawun layi da gwaji ɗaya tak, alhali hanyar da ake bi idan sharaɗin bai cika ba ba a taɓa gwada ta ba. Akwai kuma wanda ya fi waɗannan tsauri, mai suna MC/DC, wanda ke neman a nuna cewa kowane ɓangare na haɗaɗɗen sharaɗi yana iya juya sakamako shi kaɗai. Ƙa'idar DO-178C ta 2011, wadda ake bi wajen amincewa da manhajar jiragen sama, ta wajabta shi ga manhajar mataki na A, wato wadda gazawarta kan iya halaka jirgi.

Ga aikin jerawa da zaɓe, ba lallai ne mafi tsauri ya zama mafi amfani ba. Sau da yawa sanin wane fankishin (guntun kod mai suna da ke yin aiki ɗaya) ko wane fayil gwaji ya shiga ya wadatar, kuma ya fi arahar tarawa. An faɗaɗa wannan a tambaya ta 9.

3. Mene ne bambancin jerawa, zaɓe da ragewa?

Abubuwa uku ne da ake yawan cakuɗawa, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Jerawa ita ce sauya wanda zai riga wani gudana ba tare da an bar ko ɗaya ba, domin a ji labarin aibu da wuri. Zaɓe shi ne duba canjin da aka yi yau a ɗauki gwaje-gwajen da canjin ya shafa, a bar sauran su huta na wannan karon kawai. Ragewa kuwa cire gwaji ne daga tarin baki ɗaya bisa hujjar cewa wasu sun riga sun taka inda yake takawa. Wannan rabe-rabe shi ne wanda Shin Yoo da Mark Harman suka gina sanannen bitarsu na 2012 a kansa.

Idan jerawa ta yi kuskure, iyakacin asarar ita ce jinkiri. Idan zaɓe ya yi kuskure, aibu zai wuce har sai ranar da aka gudanar da komai. Idan ragewa ta yi kuskure, babu ranar da za a gane sai masu amfani da manhajar sun koka. Da wannan ma'auni ya kamata a raba amana tsakaninsu.

4. Me ya sa ba za a gudanar da su duka ba a huta?

Idan dukan gwaje-gwajenku suna ƙarewa cikin minti biyar ko goma, ku gudanar da su duka, kada ku ɗora wa kanku kayan da ba ku buƙata. Matsalar takan taso ne idan jiran ya kai sa'o'i. Gregg Rothermel da abokan bincikensa sun ba da misalin wani kamfani da suka yi aiki da shi, wanda manhajarsa mai layuka kusan 20,000 take buƙatar mako bakwai kafin a kammala gwada ta. Ko ba a kai can ba, mai rubuta kod da ya jira sa'a biyu kafin ya ji sakamako ya riga ya koma wani aiki, kuma dawo da hankalinsa kan canjin safe wani ɓata lokaci ne na daban. Ga kuma kuɗin hayar injunan da ke gudanar da gwajin, wanda ake biya da minti.

5. Kason da muke gani a rahoto ya isa a yi jerawa da shi?

Bai isa ba. Kason da ke cikin rahoto jimillar dukan gwaje-gwaje ce a dunƙule, ba ya faɗin wane gwaji ne ya taka wane layi. Abin da ake buƙata shi ne taswirar sawu, wato jadawali mai gwaje-gwaje a gefe ɗaya da sassan kod a ɗaya gefen, inda kowane gida ke nuna an taka ko ba a taka ba. A Python, tun fitowa ta 5.0 ta ƙarshen 2019 Coverage.py yake iya rubuta sunan gwajin da ya taka kowane layi, ya ajiye a rumbun bayanai na SQLite. A Java akan sa JaCoCo ya juye abin da ya tara ya kuma share allonsa bayan kowane gwaji ko kowane rukunin gwaji. A harsunan da kayan awon ba su da wannan dama, akan gudanar da gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya a adana rahoton kowanne, abin da ke da nauyi amma ba kullum ake yinsa ba.

Taswirar takan yi girma da sauri. Gwaji 5,000 a kan layuka 200,000 gidaje biliyan ɗaya ne, ko da yake mafi yawansu babu komai a ciki, shi ya sa ake adana wuraren da aka taka kawai.

6. Da zarar an samu taswirar, yaya ake jera gwaje-gwajen?

Dabaru biyu ne suka zama tushe tun binciken Rothermel, Roland Untch, Chengyun Chu da Mary Jean Harrold na 1999. Ta farko dabarar jimilla ce: a ƙirga abin da kowane gwaji ya taka, a sa mafi yawa a gaba. Ta biyu dabarar ƙari ce: a ɗauki mafi yawa tukuna, sannan a kowane mataki a zaɓi wanda zai ƙaro sababbin wuraren da ba a taka ba, ba tare da la'akari da jimillarsa ba.

A ɗauki kod mai layuka 10 da gwaji huɗu. Gwajin A ya taka layi na 1 zuwa na 6, B ya taka na 1 zuwa na 5, C ya taka na 7 da na 8 da na 9, D kuma ya taka na 6 da na 10. Dabarar jimilla za ta jera A, B, C, D, domin 6 ya fi 5, 5 ya fi 3, 3 ya fi 2. Bayan gwaji na biyu har yanzu layuka 6 kaɗai aka taka, tunda B bai je ko'ina da A bai je ba. Dabarar ƙari ita ma da A za ta fara, amma sai ta tsallake B ta ɗauki C wanda ya kawo sababbi uku, sannan D wanda ya kawo ɗaya, B ya zo ƙarshe. Kafin a kai gwaji na huɗu an riga an taka dukan layuka 10. Idan aka kai matakin da babu gwajin da ke ƙaro komai alhali da sauran gwaje-gwaje, sai a share lissafin kamar ba a taka ko'ina ba a sake zagayen da waɗanda suka rage.

A mafi yawan binciken da aka yi, dabarar ƙari ta fi saurin tono aibu, kuma hanyoyin da suka fi ta wahalar ginawa ba su cika yi mata nisa ba. Rauninta yana ɓoye a wurin B. Ta mai da shi ƙarshe ne bisa zaton A ya gama da layukansa, alhali mai yiwuwa A wucewa kawai ya yi ta layi na 3, B ne ke tsayawa ya tantance sakamakonsa. Za a sake haɗuwa da wannan gwaji na B a tambaya ta 13.

7. Ta yaya ake sanin wani jeri ya fi wani?

Ma'aunin da aka fi sani shi ne APFD, wanda ke auna matsakaicin kason aibun da aka riga aka gano yayin da jerin ke tafiya. Ga kowane aibu ana duba matsayin gwaji na farko da ya kama shi, a haɗa matsayan, a raba da adadin gwaje-gwaje sau adadin aibu, a ɗebe abin da ya fito daga 1, sannan a ƙara 1 bisa ninki biyu na adadin gwaje-gwaje. A misalin tambaya ta 6, a ce akwai aibu biyu, ɗaya a layi na 8 wanda C ke kamawa, ɗaya a layi na 10 wanda D ke kamawa. A jerin jimilla matsayinsu 3 da 4 ne, sakamakon ya zama 0.25. A jerin ƙari matsayinsu 2 da 3 ne, sakamakon ya zama 0.5.

Ma'aunin yana ɗaukar dukan gwaje-gwaje a matsayin masu cin lokaci ɗaya, dukan aibu kuma masu nauyi ɗaya, abin da ba haka yake ba a wurin aiki, shi ya sa aka fito da wani nau'insa a 2001 mai la'akari da tsadar gwaji da girman aibu. Ga ƙungiyar aiki ta yau da kullum, na fi ganin amfanin ma'auni mai sauƙi: a ɗauki canje-canjen baya da suka karya wani abu, a lissafa minti nawa aka yi kafin faɗuwar farko ta bayyana a tsohon jeri da kuma a sabon.

8. Yaya zaɓe yake aiki bayan an yi canji, kuma me ake nufi da zaɓe mai aminci?

Ana kwatanta sabon kod da tsohon a fitar da wuraren da suka sauya, sannan a koma taswirar sawu ta tsohon kod a tambaye ta waɗanne gwaje-gwaje ne suka taka waɗannan wurare. Su ake gudanarwa, haɗe da sababbin gwaje-gwajen da taswirar ba ta san su ba da waɗanda suka faɗi a karon baya. Hujjar a fili take: gwajin da bai bi ta wurin da aka taɓa ba zai bi hanyar da ya bi jiya ya samu sakamakon jiya.

Ana kiran zaɓe mai aminci idan bai bar ko gwaji ɗaya da sakamakonsa zai iya sauyawa ba. Rothermel da Harrold sun bayyana irin wannan hanya a 1997, wadda ke bin zanen kwararar umarni na tsoho da sabon kod kafaɗa da kafaɗa har ta iske inda suka saɓa. Amma amincin yana da sharaɗi, shi ne komai in ban da kod ya tsaya yadda yake, kuma gwajin ya kasance mai bin hanya ɗaya kullum. Wuraren da wannan sharaɗi ke karyewa su ne batun tambaya ta 10.

9. Gara a bi sawu layi-layi ko fayil-fayil?

Da farko mutum zai ɗauka bin layi ya fi, tunda yana ba da zaɓi mafi ƙanƙanta. Sai dai lokacin da ake ƙoƙarin ragewa ya haɗa da na tara sawu, da na nazarin canji, da na gudanar da gwajin kansa. Milos Gligoric, Lamyaa Eloussi da Darko Marinov na Jami'ar Illinois a Amurka sun nuna haka a 2015 da kayan aikinsu na Java mai suna Ekstazi, wanda ke rubuta fayilolin da kowane rukunin gwaji ya dogara da su kawai, ya adana tambarin lissafi na kowane fayil, kuma idan tambarin ya sauya ya sake gudanar da gwajin. Yana zaɓar gwaje-gwaje fiye da yadda hanyoyi masu bin daki-daki za su zaɓa, amma saboda arahar nazarinsa jimillar lokacin takan fi guntu.

Akwai fa'ida ta biyu. Lambar layi ba ta da tabbas: ƙara layi ɗaya a saman fayil yana ture lambar duk abin da ke ƙasa, taswirar ta rikice. Sunan fayil ko na fankishin ya fi jure irin wannan motsi. Inda bin fayil ke gazawa shi ne wurin manyan fayilolin da kowa ke shiga, domin taɓa su kaɗan yana jawo kusan dukan gwaje-gwaje, kuma maganin wannan raba fayil ɗin ne.

10. Waɗanne canje-canje ne taswirar sawu ba ta gani?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta kafin a kunna zaɓe. Kayan awon sawu kod suke kallo, amma halin manhaja bai tsaya ga kod ba. A ce manhajar lissafin kuɗin kaya tana karanta kason haraji daga fayil ɗin saiti, wani ya yi kuskure ya rubuta 75 a maimakon 7.5. Babu layin kod da ya sauya, don haka zaɓen da ya dogara da sawun kod kaɗai zai ce babu gwajin da ya kamata a gudanar, rahoto ya fito kore, wato komai lafiya, kuskuren ya wuce. Haka abin yake ga sauya tsarin rumbun bayanai, da fayilolin fassara, da samfurin shafi, da sabunta kod ɗin aro na wasu, da sauya fitowar harshen kansa ko ta tsarin aikin kwamfuta.

A cikin kod ɗin ma akwai makafin wurare. Idan gwaji ya tayar da wani shiri na daban ko ya aika saƙo zuwa wata sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, sawun da aka yi a can ba ya shiga taswira sai an shirya hakan musamman. Kod ɗin da ke gudana sau ɗaya lokacin lodi yakan shiga lissafin gwajin da ya fara lodo shi, alhali duk na bayansa sun dogara da shi. Ƙara sabon fankishin da ke maye gurbin wanda aka gada daga uwar kilas (kilas rukuni ne na fankishin da bayanai, wanda wani kilas kan iya gado) yana sauya hanyar da gwaji zai bi ba tare da an taɓa ko layi ɗaya da ya taɓa takawa ba.

Kariyar da ta zama dole ita ce, duk lokacin da canji ya ƙunshi fayil ɗin da taswirar ba ta sani ba, a koma gudanar da komai. Haka kayan nazarin tasirin canji na Microsoft a Azure Pipelines yake yi idan ya ci karo da nau'in fayil ɗin da bai fahimta ba. Bayan wannan a tsayar da lokacin gudanar da komai ko da babu dalili, kowane dare ko kafin kowace fitarwa.

11. Taswirar tana tsufa? Sau nawa ake sabunta ta?

Tana tsufa da kowane canji, domin hoton kod ɗin jiya ce. Ga jerawa tsufan kwanaki ba ya cutarwa sosai, tunda ko jerin bai yi daidai ba komai zai gudana. Ga zaɓe kuwa tsohuwar taswira tana karya amincin da aka yi bayani a tambaya ta 8. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a sabunta layin kowane gwaji a taswira duk lokacin da aka gudanar da shi, kamar yadda kayan pytest-testmon na Python da Ekstazi suke yi, sannan a sake gina ta gaba ɗaya a gudanarwar dare. Awon kansa yana rage gudun gwaji, kuma nauyin ya bambanta daga kaya zuwa kaya, don haka ku auna shi a kan manhajarku kafin ku yanke shawarar barinsa a kunne kullum.

12. Idan sawunmu ya kai kashi 90, ai gwaje-gwajenmu sun yi kyau ko?

Ba lallai ba. Ana iya rubuta gwajin da zai kira kowane fankishin ba tare da ya tantance sakamako ko ɗaya ba, sawu ya cika, aibu kuma ya kwana lafiya. Laura Inozemtseva da Reid Holmes na Jami'ar Waterloo a Kanada sun haɗa tarin gwaji 31,000 daga manyan manhajojin Java biyar a 2014, suka gano cewa idan aka cire tasirin yawan gwaje-gwaje, dangantakar sawu da iya kama aibu tsakanin rauni da matsakaici take. Google a shawarwarin da ya fitar a 2020 ya kira kashi 60 abin karɓa, 75 abin yabo, 90 abin koyi, amma ya gargaɗi mutane kada su mai da adadin wani sharaɗi da ake cikawa ido rufe.

Inda sawu ke faɗin gaskiya ba tare da kokwanto ba shi ne wurin da bai taka ba. A Fabrairun 2014 Apple ya gyara wani aibu a kod ɗinsa na tantance amincin haɗin intanet, inda layi ɗaya da aka maimaita ya sa kwamfuta tsallake matakin duba sa hannu gaba ɗaya. Layukan da ke ƙasan wannan maimaici babu gwajin da zai iya taka su, kuma rahoton sawu zai nuna su fili. Mai son sanin ko gwaje-gwajensa suna dubawa da gaske sai ya koma ga gwajin dasa aibu, dabarar da aka sani tun shekarun 1970: a sauya ƙaramin abu a kod da gangan, kamar mai da alamar tarawa ta ɗebewa, a ga ko wani gwaji zai faɗi. Kayan PIT na Java yana yin haka, kuma shi ma da taswirar sawu yake zaɓar gwaje-gwajen da zai jarraba a kan kowane aibun da ya dasa.

13. Za mu iya share gwaje-gwajen da ba su ƙara sawu ba?

Shawarata ita ce a'a, in dai sawu ne kaɗai hujja. A misalin tambaya ta 6, A da C da D sun taka dukan layuka 10, don haka lissafi zai ce B kaya ne kawai. Amma gwaji biyu suna iya bin layuka iri ɗaya da bayanai dabam: ɗaya ya raba 10 da 2, ɗayan ya raba 10 da sifili. Sau da yawa gwajin da ya yi kama da maimaici an rubuta shi ne bayan wani aibu ya taɓa cizon mutane, kuma shi kaɗai ke tsare ƙofar. Samun mafi ƙanƙantar tarin da zai taka komai ma matsala ce mai wuyar lissafi, tana cikin guda 21 da Richard Karp ya jera a 1972, shi ya sa ake amfani da dabarun kusantarwa. Ko da an samu amsar da ta fi kowace, tambayar da ta amsa ta sawu ce, ba ta kama aibu ba.

Idan nauyi ya yi yawa, a mayar da irin waɗannan gwaje-gwaje gudanarwar dare. Sharewa kuwa sai mutum ya karanta gwajin da idonsa ya tabbatar bayanan shigarwa da abin da ake tantancewa duk an maimaita su a wani wuri.

14. Mun sauya jeri sai wasu gwaje-gwaje suka fara faɗuwa ba tare da an taɓa kod ba. Me ya faru?

Akwai gwajin da ke cin arzikin wanda ya riga shi: na farko ya bar bayani a rumbu ko ya saita wani abu na gama-gari, na biyu ya same shi a shirye. Jerawa da zaɓe duka sun ginu kan zaton kowane gwaji yana tsaye da ƙafarsa. Masu Java sun ɗanɗana wannan lokacin da Java 7 ya sauya tsarin da yake lissafo fankishin ɗin kilas, gwaje-gwajen da suka shekara suna wucewa suka fara faɗuwa, har kayan gwajin Java mai suna JUnit ya zo da tsayayyen jeri a fitowa ta 4.11. Kafin ku fara jerawa, ku gudanar da tarinku a hargitse sau da dama, da kayan pytest-randomly na Python ko zaɓin hargitsawa da Go ya samu a fitowa ta 1.17, ku gyara duk wanda ya faɗi.

Wani nau'in kuma shi ne gwaji marar tsayayyar magana, yau ya wuce gobe ya faɗi saboda agogo, ko jinkirin intanet, ko tseren ayyukan da ke gudana tare. Google ya bayyana a 2016 cewa kusan kashi 16 na gwaje-gwajensa suna da wani abu na wannan hali. Irin wannan gwaji sawunsa ma yana sauyawa daga gudu zuwa gudu, yana gurɓata taswira. Taswirar kuma tana taimakawa wajen gano shi, domin gwajin da ya faɗi alhali bai taka wurin da aka canza ba abin zargi ne, kuma a kan wannan tunani aka gina kayan gano irin waɗannan gwaje-gwaje mai suna DeFlaker a 2018.

15. Manyan kamfanoni da sawu kaɗai suke aiki?

Ba kasafai ba. Microsoft ya bayyana tsarinsa mai suna Echelon a 2002, wanda ke kwatanta harhaɗaɗɗen kod na tsoho da sabo ya sa gwaje-gwajen da ke taka wuraren da suka sauya a gaba, wato ya auri zaɓe da jerawa. A Google matakin farko na zaɓe yana fitowa ne daga zanen dogaro na tsarin harhaɗa manhaja, irin wanda kayan Bazel ke riƙewa, wanda ke nuna wane sashe ya dogara da wanne ba tare da an gudanar da komai ba. Jest, kayan gwajin JavaScript, ma haka yake gano gwaje-gwajen da suka shafi fayil, ta bin abin da kowane fayil ya shigo da shi. Facebook ya ƙara mataki a 2018, inda ya horar da na'ura da tarihin canje-canje da faɗuwar gwaji domin ta yi hasashen waɗanda suka fi yiwuwar faɗuwa, kuma ya ba da rahoton cewa kuɗin gwaji ya ragu da rabi yayin da ake kama sama da kashi 99.9 na canje-canje masu aibu.

Darasin da ya shafi kowa a nan shi ne tarihi da lokaci suna da nauyi kamar sawu. Gwajin da ya faɗi jiya ya fi yiwuwar faɗuwa yau, kuma gwajin daƙiƙa biyu da ke taka layuka 50 ya cancanci ya riga na minti goma da ke taka 300. Raba ƙarin sawun kowane gwaji da tsawon lokacinsa gyara ne ƙarami ga dabarar ƙari wanda ke sauya sakamako sosai.

16. Ƙaramar ƙungiya ta ina za ta fara?

A fara da auna lokaci, domin sau da yawa gwaje-gwaje kaɗan ne ke cinye mafi yawan jiran, kuma gyara su ko raba tarin ga injuna da dama yana iya kashe matsalar. Sai a tabbatar da 'yancin kowane gwaji kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 14. Bayan haka a kunna jerawa mafi sauƙi, wato waɗanda suka faɗi a baya su fara, abin da pytest, kayan gwajin Python, ke yi da zaɓin --ff, sannan masu sauri su biyo. Idan har yanzu jiran ya yi tsawo, a gina taswirar sawu a matakin fayil a fara zaɓe a kan kwamfutar mai rubuta kod da kuma canjin da ke jiran dubawa, a bar gudanarwar komai kafin haɗewa da babban kod ko cikin dare.

Kafin a ba zaɓen amana, a bar shi ya yi tafiya gefe da cikakken gwaji na wasu makonni: ya rubuta abin da zai zaɓa, amma a ci gaba da gudanar da komai. Duk faɗuwar da ta fito daga gwajin da zaɓen ya so tsallakewa a rubuta ta a binciki dalilinta, a duba ko tana cikin nau'o'in tambaya ta 10, a ƙara fayil ɗin da ya jawo ta cikin jerin fayilolin da taɓa su ke wajabta gudanar da komai.